Corolla 2004 ba ta tashi da asuba sai an yi ta buga kik, amma da rana bugu ɗaya

Mai Corolla, Jos

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan motata, Toyota Corolla 2004, injin 1.8, mai giyar otomatik, 'yar Kwatano ce. Tunda hunturu ya kama, kullum da asuba sai na buga kik sau uku ko huɗu kafin ta tashi. Injin yana juyawa, ba wai ƙas-ƙas nake ji ba, sai dai juyin bai kai ƙarfin na rana ba. In ta kama kuma sai ta yi ta jijjiga kamar za ta mutu, in ban ɗan taka totur ba ta mutu ɗin. Bayan kamar minti uku sai ta daidaita, daga nan har dare bugu ɗaya take tashi, ko da na ajiye ta awa biyu ko uku.

Abin da aka yi mata zuwa yanzu: an canza fulogi wata biyu da suka wuce, an wanke nozul, an sake bakin mai da 20W-50. Batirin ya kusa shekara biyu. Fitilar injin ba ta kunna a dashbod ba. Wani ya ce in canza famfon mai, wani ya ce batir, wani kuma ya ce ringi ne suka tafi, sai an sauke inji. Kafin in fara zubar da kuɗi ina so in san daga ina ake farawa. Allah ya saka da alheri.

Rewaya na Panteka

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Sanyinmu, ko na Jos ɗin da yakan sauko wajen digiri 10 da asuba, bai isa ya hana lafiyayyar mota tashi ba. Wannan injin dai shi ne yake tashi a Kanada cikin ƙanƙara. Sanyi tona asiri kawai yake yi, abin da ya riga ya raunana shi yake fitowa fili. Kuma duk gwajin da za a yi da asuba za a yi shi, kafin bugun farko. In ka tuƙa ta zuwa gareji ta riga ta yi zafi, matsalar ta ɓuya, sai a koma canki-canka. Ko dai ta kwana a garejin, ko mai gyaran ya zo gida da sassafe.

Ta ɓangaren wuta za a fara, domin shi ne mafi arha, kuma raunin batir yana rikita duk sauran gwaje-gwajen. Ka samu mita ta dijital, ka sa ta a kan DC 20V, ka ɗora a kan batir bayan motar ta kwana. Cikakken batir zai nuna 12.6V. In ka ga 12.4V akwai saura, 12.2V rabi ke nan, ƙasa da 12.0V kuwa ya kusa zama fanko. To amma wannan lambar ba ta gama magana ba, akwai batirin da zai nuna 12.5V a zaune, da an ɗora masa kaya ya durƙushe. Don haka ka bar mitar a jone, wani ya buga kik kana kallo. Kada ta sauka ƙasa da 9.6V. In ta faɗi zuwa 8 da wani abu, kik zai iya ci gaba da juyawa a hankali, amma kwayil ba zai ba da wuta mai ƙarfi ba, birenbos, wato kwamfutar motar, ma yana iya rikicewa. Abin da ke sa mutum ya rantse batirinsa lafiya ƙalau ke nan, tunda yana jin injin na juyi.

In ta tashi, ka sake aunawa: tsakanin 13.5V da 14.5V ake so. Ka kunna manyan fitilu da iska, in lambar ta zube ƙasa da 13V altaneta ba ta caji yadda ya kamata, ko bel ɗinta ya saki. Irin wannan ko sabon batir ka sa, sati biyu za ka dawo inda kake.

Sai tamina. Ka kama kowace da hannu ka murɗa, in ta motsa to ba ta ɗaure ba. Farin gishirin nan da ke taruwa a kai, ka zuba masa ruwan zafi, ka cire taminar (ta baƙar waya ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe), ka goge ciki da waje da sanfefa har ƙarfe ya yi haske. Masu cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani don ta kama, wannan ba gyara ba ne, a sayi sabuwa. Ka bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin bodi da jikin giya. Ana yawan mantawa da ita bayan an sauke giya ko an yi fenti. Gwajinta ba wuya: bakin mita ɗaya a kan ƙarfen batir na baƙar waya, ɗayan a jikin injin inda babu fenti, a buga kik. In ya wuce 0.3V, wayar ko maɗaurinta na cin wuta. Haka za a yi daga ƙarfen jar waya zuwa babban notin kik, nan kuma kada ya wuce 0.5V.

In batir mai murfi ne ka duba ruwansa, ya rufe farantan ciki. Ruwan batir kawai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan leda ba. Shekara biyu a zafin ƙasarmu batir ya fara tsufa, domin zafin bazara ne ke cinye shi, hunturu kuwa sai dai ya bayyana ɓarnar.

Ka kawo mana lambobin nan uku: a zaune, lokacin bugu, da bayan ta tashi.

Mai Corolla, Jos

Oga na gode. Na ari mita na gwada yau da ƙarfe 6. A zaune 12.3V, lokacin bugu ta sauka 10.2V, bayan ta tashi 14.1V. Taminar jar waya ta ɗan saki, na wanke na ɗaure. Juyin ya ƙara ƙarfi gaskiya, amma duk da haka sai a bugu na uku ta kama, kuma jijjigar na nan.

Direban Zariya

Famfon mai ne wannan. Ka murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka buga ba, ka ƙirga biyar, ka kashe, ka yi haka sau uku sannan ka buga. In ta tashi nan take to mai ne ke komawa tanki cikin dare.

Bakaniken Ƙofar Ruwa

Malam Direba, dabarar nan tana aiki a Honda da wasu motocin, amma ba a wannan Corollar ba. Famfonta ba ya kunnuwa don an kai makulli ON. Birenbos ba ya ba shi wuta sai ya ga ana buga kik kuma injin na juyawa. Ko sau goma ya murɗa ba abin da zai ƙaru a layin mai. Shi ya sa ma wasu ke kasa kunne a bakin tanki, su ji shiru, su yanke hukuncin famfo ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Amma zargin mai ɗin yana da tushe, sai dai a tantance shi. Da asuba abu biyu ne suka haɗu wa motar: ta yi sanyi, kuma ta daɗe a tsaye. Ba cuta ɗaya ba ce, dole a raba su. Maigida, ka samu ranar da ba ka da fita, ka tashe ta da safe ta yi zafi, ka kashe, ka bar ta a rana tun ƙarfe 8 har la'asar. In da la'asar ɗin ma sai an ja kik, to tsayuwa ce ke damunta, wato mai na zubewa daga layi. In bugu ɗaya ta tashi, sanyi ne, ka bar famfo ya huta.

Hanyar da ba ta da gardama ita ce gejin auna ƙarfin mai. Injin motar nan, 1ZZ, yana son ƙarfin mai tsakanin psi 44 da 50 a sulo. A kashe injin a bar gejin a jone minti biyar, kada ya sauka ƙasa da psi 21. In ya zube da sauri, wurare uku ne. Ko ɗan bawul ɗin da ke cikin famfo mai hana mai komawa baya ya lalace, ko regileta, wadda a wannan motar tana cikin tanki tare da famfo da filta, ko kuma nozul ɗaya na ɗiga cikin silinda. Na ƙarshen yana da alamarsa: da ta tashi za ka ji warin ɗanyen fetur a salansa, ka ga baƙin hayaƙi na ɗan lokaci, in ka zare fulogi kafin bugun safe za ka tarar da ɗaya a jiƙe, sandar bakin mai ma takan yi warin fetur. Layin motar nan ba shi da bakin da ake ɗaura geji kai tsaye, sai an cire tiyon da ke shiga bututun nozul an sa mahaɗi. A yi shi injin na sanyi, a naɗe wurin da tsumma saboda feshin mai, babu sigari, babu janareta a kusa.

In famfon ne, ba sai an sauke tanki ba. A ɗaga kujerar baya, akwai murfi a ƙarƙashinta. Kuma in an buɗe a canza har da 'yar ragar da ke gindin famfon da filtar, a leƙa cikin tankin da tocila. Mai shan man 'yan bumburutu, ko mai yawo kullum da fitilar mai a kunne, zai ga laka da ruwa kwance a ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, cikin dare yake kwanciya daidai inda famfo ke zuƙa, shi ne abin da nozul ke fara fesawa da safe.

Sai maganar fulogin da aka canza maka. Wane iri aka sa? Na wannan injin Denso SK16R11 ne ko NGK IFR5A11, masu bakin iridiyam, tazarar bakinsu milimita 1.1, kuma ba a ƙwanƙwasa su don a gyara tazara. Jabunsu sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ka zare ɗaya ka duba tsinin tsakiya. Na gaske siriri ne kamar bakin allura. In wata biyu kacal ya cinye ko tazarar ta buɗe, jabu ne. Ka leƙa ramin fulogin kuma, in akwai bakin mai kwance a ciki to robar murfin saman inji ta bushe, man yana jiƙa robar kwayil, wuta na tsallakewa gefe musamman da sanyin safiya. Ɗaurin fulogi Nm 25 ne, kan injin alminiyam ne, ƙarfin tuwo yana cinye zaren.

Wanda ya ce maka ringi, ka tambaye shi ko ya auna. Ba a sauke inji da baki. A sa gejin kwamfireshan a kowace silinda, totur a buɗe gaba ɗaya. Kada wata ta gaza psi 145, kuma bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce psi 15. Motar da ke tashi bugu ɗaya da rana, tana jan hawa ba shuɗin hayaƙi, da wuya ringi su zama matsalarta.

Mai Sikana

Sallama ga kowa. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayanin Malam shi ne sai ya taka totur take rayuwa, kuma minti uku take warkewa. Wannan kamannin injin da ba a ba shi isasshen mai ba ne a lokacin da ya fi buƙata.

Ga yadda abin yake. Fetur ba ya ci da wuta sai ya zama tururi. In ƙarfen injin ya yi sanyi, wani kaso na man da nozul ya fesa manne wa bango yake yi a matsayin ruwa, bai shiga wuta ba. Motocin kafireto da cok ake magance wannan. A motar nozul kuwa birenbos ne ke ƙara man da kansa, ya kuma ɗaga sulo, amma sai an gaya masa injin na sanyi. Mai gaya masa shi ne sensan zafin ruwa, ɗan ƙaramin abu mai waya biyu da ke ɗaure a kan silinda ta gefen giya. In sensan ya yi ƙarya ya ce injin da ɗumi, birenbos zai ba da man injin mai ɗumi, motar ta yi ta wahala har sai zafin gaskiya ya kamo ƙaryar. Daga nan kuma shi ke nan har dare. Kuma muddin lambar da yake bayarwa ba ta fita daga hankali ba, fitilar injin ba lallai ta kunna ba.

Maganar fitila ma, ka duba wani abu. Ka kai makulli ON ba ka buga ba. Dole fitilar injin ta kunna tare da sauran, sannan ta mutu bayan motar ta tashi. In ba ta kunna sam ba, an cire ƙwan ko an toshe shi, abin da ake yawan yi wa motar da za a sayar. Rashin ganinta ba shaida ba ce.

Gwajin minti biyu ne. Da asuba, kafin a buga, a jona sikana, na'urar da ke karanta bayanan birenbos, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake haɗawa da waya ta isa. A buɗe bayanan da injin ke bayarwa kai tsaye, a duba layi biyu: ECT, zafin ruwa, da IAT, zafin iskar da ke shiga. Motar da ta kwana, ruwanta da iskarta da garin duk zafinsu ɗaya ne, don haka lambobin biyu su yi kusa da juna, bambancin digiri 3 zuwa 5 ba komai. In iska ta ce 13 ruwa ya ce 45, ka kama ɓarawon. In ka ga -40, waya ta tsinke ko soket a zare yake. Wannan ma yana faruwa da gangan: akwai masu zare soket ɗin don fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, su ce sun magance zafi. Da birenbos ya rasa sensan sai ya ɗauka injin na kan digiri 80, ka ga kuwa da asuba ba za ta ji daɗin tashi ba.

Wanda ba shi da sikana ya yi da mita. A zare soket, a sa mita a kan ohm, a taɓa ƙafafun sensan biyu. A digiri 20 wajen ohm 2,400 zai nuna, in sanyi ya fi haka lambar ta haura 3,000, a digiri 80 kuma ta sauko wajen 300.

Abu na biyu da wannan injin ya yi suna a kai shi ne gaskit ɗin manifol na iska, wato bututun da ke raba wa silindoji iska. Manifol ɗin roba ne, yana gaba ta wajen lagireto, gaskit ɗinsa ma roba ce. In ta tsufa sai ta taurare ta lafe. Da sanyi takan tsuke, iska ta saci hanya ta shiga ba tare da sensan iska ya ƙirga ta ba, mai ya yi kaɗan, injin ya yi ta rawa. Da ƙarfe ya ɗumama ya buɗe sai ɓarakar ta rufe kanta. Lambar matsalar da takan bari a birenbos ita ce P0171. A sikana ka duba LTFT, wato kason man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa don gyara haɗin mai da iska, in ya haura +10% a sulo amma ya sauko in an ɗaga injin zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In kuwa ƙaruwa yake yi in an taka, ka koma kan famfo ko sensan iska. Don gano wurin, da zarar ta tashi da sanyi a fesa ɗan abin wanke kafireto a bakin manifol inda ya haɗu da kan silinda, kaɗan-kaɗan. Inda sautin injin ya canza, nan ne. A ajiye abin kashe gobara a kusa, kuma kada a fesa ta wajen altaneta.

Ƙurar hunturu kuma tana da nata aikin. Sensan iska yana kan bututun da ke fitowa daga akwatin iya kilina, sukurori biyu ne. A ciki can akwai wasu siraran wayoyi biyu, su ne ke auna iska, ba ɗan ƙwallon da ake fara gani a gefe ba, shi na zafi ne. A fesa musu abin wanke sensa ko na wanke kayan lantarki, a bar su su bushe minti goma. Kada a taɓa su da tsinke ko burushi, kada a hura musu iskar kwamfireso, kada a wanke da fetur. Iya kilinar da ta toshe a canza ta, bugun ta a jikin taya yaga takardar yake yi.

Ta 2004 totur ɗinta na waya ne, don haka tana da bawul ɗin sulo a ƙarƙashin maƙogwaron totur. Shi ke buɗe wa iska hanya da safe har sulo ya hau wajen 1,200 zuwa 1,500, sannan ya sauko kusan 700 in ta yi zafi. In motarka da asuba ba ta ɗaga murya haka, ko dai baƙin datti ya riƙe bawul ɗin, ko birenbos bai san ana sanyi ba. A cire maƙogwaron a wanke, a tabbatar ɗan ƙarfen da ke cikin bawul ɗin yana juyawa sakayau. Sukurorinsa suna da saurin lalacewa, a sa sukudireba mai kama su daidai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ja wayar totur ko a murɗa sukurun da ke tokare da farantin don sulo ya hau. Za ta daina mutuwa da safe, ta koma shan mai da fizgar giya duk yini.

Rewaya na Panteka

Lambobinka sun nuna batirin zai iya aiki, amma 12.3V bayan kwana ɗaya ya yi ƙasa ga motar da ke caji 14.1V. Wataƙila taminar da ta saki ce ta hana shi cika. Ka kai a yi masa cajin hankali na dare guda, ka sake aunawa bayan kwana biyu. In ya koma 12.3V, a duba ko wani abu na shan wuta cikin dare: a kashe komai, a rufe ƙofofi, a sa mita a kan amfiya tsakanin baƙar waya da batir, a jira kamar minti ashirin. Ya wuce 0.05A akwai mai sata, yawanci rediyon da aka sauya, na'urar tsaro, ko fitilar but.

Bakin mai kuma, 5W-30 ne aka rubuta wa injin nan, lita 3.7 in an haɗa da filta. Na san za a ce 20W-50 ya fi dacewa da zafinmu. A Sakkwato cikin watan Afrilu ana iya wannan muhawarar, amma a Jos cikin Janairu man nan da asuba kamar zuma yake, kik na fama da shi, kuma yana daɗewa kafin ya hau sama inda VVT-i, abin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, ke jiransa. Ƙarar kar-kar ɗin da wasu ke ji na daƙiƙa biyu bayan tashi, sau da yawa daga nan take. In injin na ɗan shan mai, 10W-40 ya fi 20W-50 sauƙi a kansa. Ba shi ne zai hana ta kamawa ba, amma yana ƙara wa mai rauni kaya.

Kafin a gama gyaran, kada ka riƙe kik ya wuce daƙiƙa 10. Ka saki, ka ba shi rabin minti, sannan ka sake. Dogon ja yana ƙona kik, ya kuma jiƙa fulogi.

Mai Corolla, Jos

Allah ya ƙara basira, ga sakamako. Na bar ta a rana daga safe har la'asar, bugu ɗaya ta tashi. Fitilar injin ashe ba ta kunnawa ko a ON. Yau da asuba an sa sikana kafin a buga: IAT 14, ECT 47. Akwai P0171 a ajiye, LTFT +18% a sulo, ya sauko +6% da aka ɗaga injin. Da aka fesa a bakin manifol ta gefen silinda ta ɗaya sautin ya canza. Fulogin Denso ne kuma bakinsu lafiya. Mai sikanar ya kuma ce babu tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, a motar, an cire. Me zan fara saya?

Mai Sikana

To Alhaji, famfo da ringi sun fita. Abu biyu ne suka haɗu maka, kuma kowannensu rage mai yake yi da safe.

Kafin ka sayi sensa, a zare soket ɗinsa ana kallon sikana. In lambar ta koma -40, waya da birenbos lafiya, sensan ne ya lalace. In ta tsaya a 47 ko wani wuri, to a bi wayar, wani ya saƙala mata wani abu ko ta goge tana taɓa 'yar'uwarta. Tsatsa a soket sanyi take sa a gani fiye da gaskiya, ba zafi ba, don haka wanke soket kaɗai ba zai gyara irin taka ba. Sensan a nemi Denso ko na Toyota, ko na Beljiyam in an auna shi da mita a gabanka ya ba da lambobin da na faɗa. A canza shi injin na sanyi, da doguwar soket mai lamba 19, a sa sabon wosha, ɗauri Nm 20. Ruwa zai ɗan zuba, a tanadi na ciko.

Gaskit ɗin manifol sabuwa za a sa, ba a shafa mata gam. A goge fuskar kan silinda tas, a toshe ramukan da tsumma mai tsabta kada wani abu ya faɗa, a tuna a cire tsumman. Ɗaurin daga tsakiya ake farawa a fita gefe, Nm 30, manifol ɗin roba ne yana tsagewa. Tunda maƙogwaron totur zai fita, a wanke shi da bawul ɗin sulo a lokacin, a sa masa tasa sabuwar gaskit, a duba ƙananan tiyoyin iska ko akwai wanda ya tsage a baki.

Tamostat a mayar, mai buɗewa a digiri 82, ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke gefensa ya kalli sama don iska ta fita. Rashinsa ba ya hana tashi, amma da ka gyara sensan birenbos zai fara ganin gaskiya, wato injin da ba ya kai zafinsa a hanya, sai ya yi ta ƙara mai. A zuba ruwan lagireto na gaske, ba na rijiya ba, a bar murfin a buɗe da hita a kunne har kumfa ta daina fitowa, a tabbatar fanka na kamawa da kanta tana kuma tsayawa. In an yi wa fankar dairek, wato an haɗa ta da wuta kai tsaye, a mayar da ita kan rile.

Bayan an gama a goge lambobin da sikana, a sa ƙwan fitilar injin, ka yi kwana biyu kana hawa. Rana ta uku da asuba a sake jonawa kafin bugu: ECT da IAT su zo kusa da juna, sulo ya hau sama da 1,200 da kansa ba ka taɓa totur ba, LTFT kuma ya dawo ƙasa da +10%. In ya ƙi saukowa, sai a wanke sensan iska a sa geji a layin mai.